Ganga Biyu Sun Ishi Makaɗin Biki a Kaduna

Duk mai zuwa kamu ko dina a zaurukan biki na Unguwar Rimi, Malali ko Unguwar Dosa ya san abin da ya zama ruwan dare: mawaƙi ɗaya, mai fiyano ɗaya, sai lasifikoki. Kiɗan daga na'ura yake fitowa, an riga an haɗa shi a situdiyo. Makaɗin da ke zama da sanduna biyu a hannu ya yi ƙaranci, kuma ba gwanaye ne suka ƙare a gari ba, kayan aikin ne suka yi musu nauyi. Cikakken jerin gangunan zamani, irin wanda ake gani a manyan coci-coci, ganga biyar ne: babba da ake bugawa da ƙafa, ƙarama mai wayoyi a gindinta da ke ba da kakkaifar ƙara, sai wasu uku masu zurfin murya, ga faya-fayen ƙarfe da ƙafafun da ke riƙe da su. A ganina, makaɗin da ke son a ci gaba da gayyatarsa a arewacin Kaduna ya kamata ya rage wannan kaya zuwa babbar ganga, ƙaramar, da faya-fayen nan biyu da ake takawa su haɗe baki. Kiɗan ba zai rasa wani abin kirki ba.

Dalili na farko na aljihu ne. Wanda zai ɗauko ganga biyar daga Kawo ko Tudun Wada sai ya yi shatar mota, kuma kuɗin daga cikin sallamarsa za su fita. Ganga biyu kuwa Keke Napep ya ishe su, musamman idan an sauya babbar mai faɗin inci 22 da ta inci 18 ko 16. In an isa zaure ma akwai wata matsalar: kujerar amarya da ango da kayan ado sun cinye dandamali, sai lungu ake bar wa masu kiɗa. Sannan kowace ganga tana son makirufo nata, mai kula da sauti kuma ba kullum yake da isassu ba. Zaurukanmu yawanci tayil ne a ƙasa, siminti a bango, sauti yana dukan bango ya dawo. A irin wannan ɗaki gangunan nan uku masu zurfin murya su ne ke fara cakuɗewa su zama gurnani, su danne muryar mawaƙi.

Muryar kuwa ita ce uwa a kiɗan Hausa. Mai sauraro kalma yake bi, yana jiran ya ji an ambaci sunansa da na iyayensa, aikin ganga shi ne ta riƙe wa waƙa ƙugu, ta bar mata fili. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi shekaru da dama yana cika fage da 'yan kalangu da amshi kawai. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje, Barmani Choge kuma da kiɗan ƙwarya. A dubi mai kalangu da kyau: ganga ɗaya ce a hammatarsa, ya matse ta murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har ta kira sunan mutum. Ƙaramar gangar zamani ma tana da irin wannan yalwa ga wanda ya san ta. Bugun tsakiyar fata daban, na gefe daban, a kwantar da sanda a ƙwanƙwasa bakin ƙarfen wani sauti ne, a ɗora tafin hagu a kan fata a kashe amon wani ne kuma. Tony Allen, makaɗin Fela Kuti da ya rasu a Faris a 2020, ya gina sunansa ne a kan yadda yake sa babbar ganga da ƙarama da faya-fayen nan su riƙa zance da juna. Asalin jerin gangunan ma tsimi ne ya haife shi: abin takawar da William Ludwig ya fito da shi a Amurka a 1909 ya sa mutum ɗaya ya iya yin aikin makaɗa biyu.

Za a ce mai biki ya biya kuɗi, yana so baƙinsa su ga kaya sun cika ido. Wannan magana tana da ƙarfi, domin biki wurin fita kunya ne, kuma ba a raina ta. Sai dai abin da baƙi ke tafiya da shi gida shi ne ko an yi rawa, ko an ji waƙar. Wanda ke son ƙarin armashi gara ya biya mai kalangu ɗaya ya tsaya kusa da mai gangunan. Ya fi ganga uku cika ido, ya fi su cika kunne. Za a kuma ce akwai kiɗan da ba ya tashi sai da gangunan duka, kuma haka ne. Babban wasa a Dandalin Murtala, inda akwai fili da isassun na'urori, ya cancanci cikakken jeri. Amma irin wannan wasa sau nawa ake yinsa a shekara? Abincin makaɗi yana zaurukan Juma'a da Asabar.

Tambayar da ta fi wuya ita ce: in dai ragewa ake so, me zai hana a bar wa fiyano aikin gaba ɗaya? Amsar tana filin liƙi. Uwar amarya ta taso da ƙawayenta, mawaƙi ya hango ta, ya bar baitin da yake ciki ya koma yi mata kirari. Makaɗi mai rai yana ganin haka zai sassauta, ya bar ƙafa kaɗai tana bugawa har kirarin ya ƙare, sannan ya ɗaga kiɗan daidai lokacin da aka rangaɗa guɗa. In tsohuwa ce ta shigo fili, ya rage sauri don ta samu ta taka. Mai fiyano yana iya danna maɓalli ya sauya sauri, amma bugun da aka riga aka ɗauka ba ya bin ƙafar mai rawa, kuma duk wannan bin da makaɗi ke yi, da ganga biyu da faya-fayen nan yake yinsa.