Matsalar Saƙon Gargaɗi a Rubutun Tushe na Harsunan C da C++

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu rubuta manhaja da harsunan C da C++ tuwo a ƙwarya. Sau da yawa marubuci kan so ya bar wa na bayansa gargaɗi a cikin rubutun tushe, ta yadda saƙon zai fito sa'ad da kamfaila ke aiki, wato manhajar nan mai juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen na'ura. Misali, ya sanar cewa ba a gwada wani sashe a kan wata na'ura ba. Idan gargaɗin bai fito ba, kuskure na iya kaiwa ga mai amfani. Idan kuwa kamfaila ya ƙi karɓarsa, aikin duka sai ya tsaya.

2.0 Tushen Matsalar

Ƙa'idar C ta shekarar 1989 ta tanadi umurnin #error, wanda ke fitar da saƙo ya kuma tsayar da aiki, amma ba ta tanadi takwaransa mai gargaɗi kawai ba. Saboda haka kowane kamfaila ya kama gabansa. GCC da Clang suka riƙi #warning. Na Microsoft kuwa ya daɗe bai san shi ba, in ya ci karo da shi sai ya ɗauke shi kuskure. Nasa shi ne #pragma message. Duk da cewa GCC da Clang na karɓar wannan, ƙa'ida ta yarje wa kowane kamfaila ya yi watsi da pragma da bai gane ba. Ke nan saƙon na iya salwanta ba wanda ya ji.

3.0 Hanyoyin Warwarewa

Hanya ta farko ita ce tantance kamfaila da umurnin #if. Kowanne yana da alamar da yake bayyana kansa da ita: __GNUC__ ga GCC, __clang__ ga Clang, _MSC_VER ga na Microsoft. Sai dai a lura, Clang ma yakan ɗora alamar __GNUC__, don haka wajibi ne a fara nemansa kafin GCC.

Hanya ta biyu ita ce tattara wannan duka cikin laƙabi guda, wato gajeren suna mai wakiltar dogon rubutu. Cikas a nan shi ne, umurnin da ya fara da # ba ya aiki a cikin laƙabi. Wannan ne dalilin zuwan _Pragma a ƙa'idar C ta 1999, sannan a ta C++ ta 2011, yayin da Microsoft ya samar da nasa __pragma. Tun da pragma ɗin Microsoft saƙon kawai yake fitarwa, sai an haɗa masa __FILE__ da __LINE__ kafin a san fayil da layin da gargaɗin ya shafa. Juya lambar layi zuwa rubutu kuma sai da laƙabi hawa biyu. In ba haka ba, kalmar __LINE__ ɗin kanta ce za ta fito.

Hanya ta uku ita ce alamar [[deprecated]] da C++ ta samu a 2014. Fa'idarta ita ce ba ta magana sai an taɓa abin da aka ɗora ta a kansa, saboda haka ta fi dacewa da sassan da ake shirin janyewa.

4.0 Kammalawa

Ƙa'idojin C23 da C++23 duk sun amince da #warning, amma wannan bai kashe bakin tsanya ba, domin ayyuka da dama suna dogaro da tsofaffin kamfailoli. Bugu da ƙari, wanda ya kunna zaɓin -Werror zai tarar #warning ya zame masa kuskure mai tsayar da aiki. Shawararmu ga malamai ita ce su koya wa ɗalibai killace bambancin kamfailoli a fayil guda, da gwada rubutunsu a kan kamfaila fiye da ɗaya, da kuma taƙaita gargaɗi, domin idan ya yi yawa, muhimmin cikinsu kan ɓace a tsakanin marasa muhimmanci.