An cire daga albashi, amma ya shiga? Abin da ya sa shafukan fansho da inshora ke gagarar ma'aikata

A kowane ƙarshen wata, kafin albashin ma'aikacin gwamnati ya sauka a asusunsa na banki, an riga an zaftare wasu kuɗaɗe da sunan amfanin kansa: na fansho, na kula da lafiya, wani lokaci har da na asusun gidaje. Malamin Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu, da ma'aikacin matatar ruwa ta Tamburawa, da jami'in Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke kula da magudanan ruwan noman rani a Kura da Bunkure, duk sun san wannan cirewar. Abin da yawancinsu ba za su iya faɗa da tabbaci ba shi ne ko kuɗin da aka cire ya isa inda aka ce an kai shi.

A ƙa'ida, wannan ce tambayar da shafukan intanet da manhajojin hukumomin fansho da na inshora suka zo su amsa. Shafin da ya kasa amsa ta cikin minti biyu a kan ƙaramar waya, bai yi aikinsa ba, komai kyan launinsa.

Ma'aikata uku, tsari biyu

Da farko dai ba tsari ɗaya ke riƙe da waɗannan mutane ba. Ma'aikacin hukumar kogunan na gwamnatin tarayya ne, saboda haka yana ƙarƙashin tsarin karo-karo da dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo, wadda aka sabunta a 2014. Ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun ajiya mai ɗauke da sunansa shi kaɗai a hannun kamfanin kula da fansho da ya zaɓa, a ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Idan albashin da ake lissafi a kansa naira 100,000 ne, ya kamata naira 18,000 ta shiga duk wata, wato 216,000 a shekara.

Malamin kwalejin da ma'aikacin matatar ruwan kuwa na jiha ne. Tun dokar 2006, Kano ta bi wata hanya dabam: ana karɓar gudummawar ma'aikaci da ta gwamnati a tara su wuri guda a Asusun Amintattu na Fansho, a riƙa biyan waɗanda suka yi ritaya daga ciki bisa matakin albashi da shekarun aiki. A nan babu asusun mutum ɗaya da zai leƙa ya ga abin da ya tara. Abin da ke yanke masa hukunci shi ne bayanan da ke cikin fayil: ranar haihuwa, ranar kama aiki, ƙarin girma na ƙarshe.

Bambancin yana da muhimmanci ga duk mai tsara shafi, domin buƙatar mutanen biyu ba ɗaya ba ce. Na farko yana son ganin jerin watanni, da abin da ya shiga a kowanne. Na biyu yana son ganin abin da hukuma ta rubuta a kansa tun yana da ƙarfin gyara kuskure, sannan bayan ritaya ya san na nawa ne a layin garatuti. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na sama da naira biliyan 48 a 2023, kuma ta ci gaba da biya kashi-kashi. Duk inda ake biya kashi-kashi, akwai layi. Layin da ba a ganinsa kuwa shi ne kasuwar masu cewa "kawo wani abu in tura maka fayil gaba."

Inda ake tuntuɓe

Tuntuɓen farko tun a bakin ƙofa yake. Yawancin shafukan nan suna tura lambar sirri ta wucin gadi zuwa layin waya ko imel ɗin da mutum ya yi rajista da shi. Wanda ya buɗe asusun fansho a 2006 ko 2007 da wuya a ce layin nan yana hannunsa har yau. Wataƙila ya ɓata, wataƙila an rufe shi a lokacin tilasta haɗa layuka da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Imel ɗin ma sau da yawa mai shagon kwamfuta ne ya buɗe masa a gurguje, kuma babu wanda ya riƙe kalmar sirrin. Sai shafin ya ce an tura lamba, lambar ba ta zo ba, kuma babu wani maɓalli da ke cewa ga abin yi idan layinka ya canza.

Na biyu shi ne saɓanin suna. PenCom ta umarci duk wanda ya buɗe asusu kafin 1 ga Yulin 2019 da ya sake sabunta bayanansa tare da lambar NIN. Dalilin mai kyau ne, domin akwai masu asusu biyu da kuma bayanan da ba su cika ba. Amma a ƙasar Hausa mutum ɗaya kan zama Muhammad a takardar ɗaukar aiki, Mohammed a banki, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Wani kuma sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe a wata takarda, sunan mahaifinsa a wata. Na'ura ba ta san wannan al'ada ba. Laifin mai tsara shafi a nan ba ƙin amincewar ba ne. Laifinsa shi ne ya rubuta jan saƙo da Turanci cewa an samu matsala, ba tare da ya nuna wane suna ne bai dace da wanne ba, ko wane ofishi ne zai gyara.

Sai harshe. Ana yawan cewa ai ma'aikacin gwamnati ya iya Turanci. Ba kowa ba. Akwai masu gadi da direbobi da masu buɗe ƙofofin ruwa a gonakin Kadawa. Kuma ko mai digiri yakan tsaya cak a gaban kalmomin masu hada-hadar kuɗi. Ban da haka, ranar da aka fi buƙatar shafin sau da yawa ma'aikacin ba ya duniya. Matarsa ce ko ɗansa ke neman haƙƙin mamaci, ciki har da inshorar rai da dokar 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yanka, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalai da dama ba su ma san da ita ba.

Akwai wani misali da ya shafi Kano kai tsaye. A 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ake juya kuɗinsa ba tare da kuɗin ruwa ba, domin masu son ajiyarsu ta dace da shari'ar Musulunci. Ba a mayar da kowa can kai tsaye, sai mutum ya nema. Haka ma damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, da aka buɗe a Nuwamban 2020, da damar ɗaukar har kashi 25 cikin 100 na ajiya domin biyan kason farko na lamunin gida, da aka fitar da ƙa'idojinta a 2022. Haƙƙi ne da doka ta bayar, amma idan an binne shi a shafi na huɗu na wata takardar PDF, wanda ke da ɗan'uwa a ofis ne kawai zai ci moriyarsa.

Nauyin shafin kansa ma shinge ne. Hotunan shugabanni masu juyawa a saman shafi suna cin data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Inda sabis ke hawa yana sauka, fom mai tsawo da ke gogewa gaba ɗaya idan intanet ta yanke yakan kai mutum ga shagon kwamfuta, inda zai miƙa wa baƙo lambar NIN da ta BVN da kalmar sirrinsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba za ta iya yi masa komai a wannan teburin ba.

Abin da wasu suka gwada

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Hukumar asusun ajiyar ma'aikata ta Indiya, wato EPFO, ta bai wa kowane ma'aikaci lamba ɗaya da ke binsa duk inda ya koma aiki tun 2014, kuma mutum zai iya yin filashin wata lamba ya samu saƙon tes da ke faɗa masa abin da ke asusunsa. Ana iya neman saƙon da harsunan ƙasar da dama. A gida ma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya fitar da lambar *219# domin masu zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu a Asusun Gidaje na Ƙasa su duba ajiyarsu da waya mai maɓalli.

Birtaniya kuwa, da ta haɗe shafukan gwamnati a GOV.UK a 2012, ta ɗora aikin a kan ƙa'ida guda: a fara da buƙatar mai amfani, ba da tsarin ofisoshin ma'aikata ba. A aikace, wannan na nufin shafin farko ya daina jero sassan hukuma da tarihin kafuwarta, ya jero tambayoyin mutane: nawa ne ya shiga a watan jiya, zan yi ritaya baɗi me zan tanada, mahaifina ya rasu ina zan fara.

Gano matsalolin ma ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. Masanin nan Jakob Nielsen ya daɗe yana nuna cewa zama da mutum biyar kacal, a ba su aiki a kan shafi a zuba musu ido ba tare da an taimaka musu ba, yana fito da mafi yawan kurakuran tsari. Sai dai mutum biyar ɗin su zama na gaske. A gwada da ungozomar asibitin karkara a Dawakin Kudu a kan wayarta, da sabis ɗin garinsu, ba da ma'aikacin sashen kwamfuta a ofis mai sanyi a Abuja ba.

Dalilin da ya sa ba a gaggawa

Da wuya a ce duk wannan rashin sani ne. Shafi mai sauƙin fahimta yana tona asiri. Dokar 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya tura kuɗin fansho cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, kuma wanda ya yi jinkiri zai biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. Shafin da zai nuna watanni goma sha biyu a jere, wanda ya shiga da kore, wanda bai shiga ba da ja, ya mayar da kowane ma'aikaci mai binciken kuɗi. Ƙungiyar ƙwadago da ta tattara irin waɗannan hotunan allo daga mambobi ɗari biyu tana da hujjar da ba a musantawa a teburin sulhu. Kamfanonin fansho suna aika bayanin asusu duk wata uku kamar yadda aka wajabta musu, amma jimillar kuɗi da ke ƙaruwa saboda ribar jari tana iya rufe watannin da ba a zuba komai ba, in ba a fito da su fili ba.

Haka batun yake a ɓangaren lafiya. Tun da aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano a 2016, ana cire wa ma'aikatan jiha kuɗi domin a duba su da iyalansu a asibitin da suka zaɓa. Abin da mai cin gajiyar ke buƙatar sani kafin ya ɗauki yaro mai zazzaɓi ya hau babur shi ne: sunan yaron yana cikin rajista, wane asibiti aka rubuta, wane magani ne tsarin ke biya. Tambayoyi uku ne da saƙon tes ɗaya zai iya ɗauka.

Kafin a kai ga wannan, hanyar da ta rage wa ma'aikacin tarayya a Kura ita ce ta hannu: ya nemi cikakken bayanin asusunsa na wata-wata daga kamfanin fanshonsa, ya ajiye shi gefe da gefe da takardun albashinsa, ya ja layi a ƙarƙashin duk watan da aka cire ba a zuba ba, sannan ya rubuta wa kamfanin da PenCom. Ma'aikacin jiha kuwa ya nemi ganin ranar haihuwa da ranar kama aiki da ke cikin fayil ɗinsa tun saura shekaru ya ajiye aiki, domin gyaran da ake yi wa mai albashi a mako biyu yakan ɗauki ɗan fansho watanni yana hawa mota daga Dawakin Kudu zuwa cikin birni.