Ruwan Kunne a Wajen Yara: Ƙaramin Ciwo Mai Babbar Illa

A gidaje da yawa, idan kunnen yaro ya fara zubar da mugunya, sai a ce ai ciwon ya fashe, sauƙi ya samu. Gaskiya ne zafin yakan ragu, yaro ya daina kuka. Amma abin da ya fashe ɗin shi ne dodon kunne, wato siririn tantanin da ke karɓar sauti.

Domin mai karatu ya fahimci yadda abin yake faruwa, sai mu dubi ginin kunne. A bayan dodon kunne akwai wani ɗan kogo mai iska, inda ƙananan ƙasusuwa 3 suke miƙa sauti zuwa can ciki. Wata siririyar hanya ce ta haɗa wannan kogo da bayan hanci, ita ce take shigar da iska, take kuma fitar da ruwa. A jikin yara hanyar gajera ce, kuma kusan a kwance take. Saboda haka idan mura ko ƙyanda ta kama yaro, ko naman da ke bayan hancinsa ya kumbura, sai hanyar ta toshe, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, mugunya ta taru har ta huda tantanin. Wannan dangantaka ce ta sa likita ɗaya yake ƙwarewa a kan kunne da hanci da maƙogwaro gaba ɗaya.

Sau da yawa hujin yakan warke da kansa. To amma idan ruwan ya wuce mako 2 yana zuba, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shi cikin ciwon kunne mai daɗewa. A wannan mataki jin yaro yakan ragu a daidai shekarun da yake koyon magana. Daga nan sai ya yi jinkirin buɗe baki, a makaranta kuma a riƙa ce masa dolo ko mai taurin kai, alhali muryar malam ce ba ta isa gare shi sosai. Bugu da ƙari, ciwon yana iya cin ƙashin bayan kunne, ko ya taɓa jijiyar fuska baki ya karkace, ko ya kai ga sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. A rahotonta na 2021, Hukumar ta ce yara miliyan 34 ne a duniya suke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara ana iya kauce masa.

Aikin ƙwararren likita ya wuce rubuta magani. Yakan leƙa kunnen da fitila mai gilashin ƙara girma, ya zuƙe mugunyar da na'ura domin maganin ɗigawa ya isa inda ciwon yake, sannan ya auna ƙarfin jin yaron. Shi ne kuma zai zaɓi maganin da ya dace, domin wasu magungunan ɗigawa suna iya lalata cikin kunne idan tantanin a huje yake. In hujin ya ƙi rufewa, akan yi tiyata a lilliƙe shi da wata fata da ake ɗebowa daga kusa da kunnen. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, haka nan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna da sashen wannan fanni.

Iyaye ma suna da nasu aikin. Kada a zuba mai ko ruwan ganye a kunne, kada a sosa shi da gashin kaza ko tsinken ashana, kuma a kiyaye shigar ruwa lokacin wanka. Shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, da kammala alluran rigakafi, da nisanta shi daga hayaƙin itace da na taba, duk suna rage aukuwar ciwon. Idan kuwa aka ga kumburi a bayan kunne, ko zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, to a garzaya asibiti a ranar, kada a bari ya kwana.