Jari ko ƙarfin zuciya: abin da bincike ya gano kan sana'ar mata a Nijar

Duk macen da ta taɓa kasa kaya a kasuwar Guci, ko Dungas, ko Magariya, in ka tambaye ta abin da ya fi damunta, amsa ɗaya ce: rashin jari. To amma wani bincike da aka gudanar a ƙauyukan ƙasarmu, wanda mujallar kimiyya ta Nature ta buga a shekarar 2022, ya nuna cewa zancen bai tsaya ga kuɗi kaɗai ba.

Masanan Bankin Duniya, irin su Thomas Bossuroy da Patrick Premand, tare da malaman jami'o'in Amurka kamar Dean Karlan da Catherine Thomas, su ne suka bi diddigin dubban mata a ƙauyuka fiye da 300 na jihohi biyar: Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. A lokacin, dukkan matan suna cikin tsarin tallafin gwamnati na jika 10 a kowane wata. Da ƙuri'a aka raba ƙauyukan gida huɗu, don kada a ce an zaɓi masu ƙoƙari an bar ragwaye.

Kashi ɗaya an bar su da tallafin wata-wata kawai, domin a riƙa auna sauran da su. Sauran ukun duk an kafa musu ƙungiyoyin asusu, an koya musu dabarun kasuwanci, an ba su mai ba da shawara. Daga nan aka bambanta: wasu aka ƙara musu jari na jika 80 a dunƙule, wasu ba a ba su jarin ba sai horon ƙarfafa zuciya, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun.

Mene ne wannan horo? Da farko a tara garin kaf, maza da mata, da maigari da malamai, a nuna musu majigin wasu ma'aurata da suka shawo kan wahala ta hanyar sana'a, sannan a zauna a tattauna. Bayan haka matan su yi mako guda suna koyon yadda mace za ta san darajar kanta, ta sa wa kanta buri, ta yanke shawara, ta iya magana da maigida da dangi kan sana'arta.

Da aka koma bayan wata 6, aka sake komawa bayan wata 18, sai aka tarar duk kashi ukun sun ci gaba: abinci ya ƙaru a gida, cinikin matan ya haura, hankalinsu ya fi kwanciya. Abin mamakin shi ne, matan da ba su karɓi jika 80 ba su ma sun samu ci gaba mai yawa, alhali kuɗin da aka kashe a kansu kusan rabin na masu jari ne. Da aka auna riba da abin da aka kashe, tsarin da ke da horon zuciya shi ya fi biya.

Ƴar kasuwa ba za ta rasa gane dalili ba. Jari nawa ne ya narke a biki da suna? Tiya nawa ta gero aka bayar bashi saboda kunya, ba a biya ba? Kuɗin da maigida bai yarda da sana'ar da za a sa su ba, ko dangi suka ɗauke su ganima, ba sa kai damina. Shi ya sa ba matan kaɗai aka kira wurin majigin ba, an kira duk masu faɗa a ji a rayuwarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙungiyar asusun ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ya bambanta da adashe, domin kuɗin suna zama cikin akwati, mace ta ranta ta juya ta maido, a ƙarshen zango a raba.

Kada dai a ɗauka binciken ya ce jari ba shi da amfani. A lokacin binciken, matan nan duka suna karɓar jika 10 a wata, kuma masu jarin su ma sun ci riba. Ga mu nan bakin iyaka kuwa, inda ciniki ya dogara da Maigatari da Kano, rufe iyaka a 2019 da 2023 da faɗuwar naira sun cinye jarin mutane da yawa, kuma babu horon da zai hana hakan.

Sai dai akwai abin da ke hannunmu. Uwargida, ki ware kuɗin sana'a daga na cefane, ki san ranar da za ki ce a'a ga mai neman bashi, ki shiga asusun da ke da littafi da shaidu. Maigida kuma, ka sani cewa yardarka da goyon bayanka suna cikin jarin matarka. Masu shirya tallafi su ma su duba: kafin a raba kuɗi, a fara tara gari a yi magana.