Linzami ɗaya, tafiya uku: abin da ke rikita 'yan wasan kwamfuta

Mai wasan harbi da ya shekara a kan Windows, ranar da ya koma Mac ko Linux da linzaminsa na kullum, yana iya tarar da hannunsa ya daina yi masa biyayya. Ya ja linzami zai saita kan abokin gaba, sai bakin bindiga ya zarce, ko ya tsaya bai kai ba. Sau da yawa linzamin lafiyarsa ƙalau, babbar manhajar kwamfutar ce ta shiga tsakani.

Shi linzami ƙirge kawai ya iya. Wanda aka saita a DPI 800, in ya yi tafiyar inci ɗaya a kan tebur, ɗigo 800 yake aika wa kwamfuta. Daga nan babbar manhaja ke yanke nisan da kibiya za ta yi a allo. Idan an kunna ƙarin gudu, ba nisan hannu kaɗai take dubawa ba, har da saurinsa: jan santimita biyar a hankali ya motsa kibiya kaɗan, fizgar santimita biyar ɗin kuma ta jefa ta can ƙarshen allo. Ma'aikacin ofis yana jin daɗin wannan. Ɗan wasa kuwa, da hannunsa ya haddace nisan kowace juyawa, ɓata masa lissafi take yi.

A Windows, wannan dabara tana nan tun zamanin XP na 2001, da sunan Enhance pointer precision, kuma a kunne take zuwa. Tsohon ma'aunin gudun kibiya yana da matakai 11, na shida ne ke barin ƙirgen linzami yadda ya zo, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa nasihar farko da tsofaffin hannu ke yi wa sabon shiga ita ce ya kashe ƙarin gudun, ya tsaya a mataki na shida.

Apple ya fi taurin kai. Shekara da shekaru babu maɓallin kashe ƙarin gudu a saitunan Mac, sai dai mutum ya rubuta umarni a Terminal ko ya ɗora manhaja irin LinearMouse. Sai a 2023, da fitowar macOS Sonoma, aka sa maɓallin.

A Linux, yawanci tsarin libinput ke riƙe da wannan aiki. Tsarinsa na adaptive, wanda ake samu a kunne, yana ƙara gudu. Na flat kuwa ninki ɗaya yake yi komai saurin hannu. GNOME da KDE Plasma duka sun ba da damar zaɓa.

Masu ƙera wasanni sun nemo hanyar kewayewa: wasa ya karɓi ƙirgen kai tsaye daga linzami, ba tare da babbar manhaja ta taɓa shi ba. Haka Counter-Strike 2 na kamfanin Valve yake yi tun fitowarsa a Satumban 2023. Tsofaffin wasanni da waɗanda ke aiki da kibiyar allo ne suka fi shan wahalar bambancin.

Ko an kashe ƙarin gudu, lambar saitin linzami a cikin wasa ba abin dogaro ba ce, domin kowane wasa da nasa awo. A Counter-Strike, ɗigo ɗaya a saiti 1 yana juya ɗan wasa digiri 0.022, a Valorant kuma digiri 0.07, fiye da ninki uku. Saboda haka ƙwararru rula suke ajiyewa a gefen linzami, su auna santimita nawa hannu zai yi kafin su juya zagaye guda cif. Da DPI 800 da saiti 1, amsar kusan santimita 52 ce a Counter-Strike, 16 a Valorant. Wanda ya san tasa lambar zai iya mayar da ita a kowace kwamfuta ya zauna.