Kaka a Duwatsun Afalaciya: Iyali, Dabbobi da Bargon Ƙyallaye

Gabatarwa

Idan aka ambaci Amurka, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne dogayen benaye da masana'antu da manyan gonakin da ake nomewa da injuna. Amma a gabashin ƙasar akwai wani yanki na duwatsu da ake kira Afalaciya, inda har zuwa wajen 1940 iyalai da yawa suke ci daga abin da hannunsu ya noma, suna kuma lulluɓa da abin da matansu suka ɗinka. Abin da za a duba a nan shi ne yadda irin waɗannan iyalai suke tafiyar da kakarsu, musamman tsakanin 1850 da 1940. Za a ga cewa rayuwar tasu ta tsaya ne a kan abubuwa uku, watau dajin da kowa yake da haƙƙin kiwo a cikinsa, da taimakon maƙwabta, da ƙin yarda wani abu ya salwanta.

Ƙasar da Mutanenta

Duwatsun Afalaciya sun miƙe tun daga gabashin Kanada har zuwa jihar Alabama, tsawon kimanin kilomita 2,400. Dutsen da ya fi tsawo a cikinsu shi ne Mical, a jihar Karolina ta Arewa, mai tsayin mita 2,037. Sashen kudu ne ya shafi wannan bayani, watau inda jihohin Kentaki da Tenesi da Bajiniya da Karolina ta Arewa da Jojiya suka kusanci juna.

Kafin zuwan Turawa, kabilar Ciroki ce take zaune a wani babban ɓangare na yankin, tana noman masara da wake da kabewa. A ƙarni na 18 baƙi suka fara kwararowa, yawancinsu 'yan asalin Sikotilan da arewacin Ailan da Ingila da Jamus, akwai kuma baƙar fata, bayi da 'yantattu. A 1838 gwamnati ta tasa ƙeyar mafi yawan Ciroki zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya, kaɗan ne suka tsira da zamansu a Karolina ta Arewa. Amma abincin da suka saba nomawa ya zauna, har masara ta zama tuwon kowane gida.

Kakarsu takan kama daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. A lokacin ne ganyen itatuwa yakan rine ya koma ja da rawaya, sa'an nan ya kakkaɓe. Bayanta sai hunturu mai dusar ƙanƙara, wanda ƙasa ba ta fitar da komai a cikinsa, hanyoyi kuma sukan toshe. Saboda haka duk abin da iyali ba su killace ba kafin sanyi ya kankama, to, sun rasa shi ke nan sai wata shekara.

Girbi da Tanadi

Aikin farko shi ne na masara. Tun kafin a karya ta akan zage ganyenta a ɗaure dami-dami domin dabbobi, kamar yadda manomin ƙasar Hausa yake yi da karmami. Idan an kwaso ta gida sai a kira maƙwabta gayyar ɓarewa. Akan raba mutane gida biyu su yi tsere, a ci abinci, wani lokaci a ƙare da kiɗa da rawa.

Mata da yara kuwa su ke da aikin busarwa. Sukan zura ɗanyen wake da kwansonsa a zare su rataye kusa da murhu. Sukan yanka kabewa zobe-zobe su jera a sanda, su feƙe tuffa su shanya, ko kuma su dafa ta yini guda a babbar tukunyar tagulla har ta yi kauri. Dankali da kabeji akan haƙa musu rami, a shimfiɗa ciyawa, a rufe da ƙasa don kada sanyi ya lalata su.

Akwai kuma aikin takanda. Ita wannan shuka dangin dawa ce, asalinta daga Afirka, ta kuma yaɗu a Amurka daga shekarun 1850. Da yake sukari yana da tsada, da ita mutanen dutse suke samun zaƙi. Akan ɗaura alfadari ko doki a jikin wata doguwar sanda, yana zagayawa yana juya injin da yake matse karan, daidai da yadda masu mazarƙwaila suke yi da rake a ƙasar Zazzau. Daga nan sai a dafa ruwan ana kwashe kumfa. Kimanin galan 10 na ruwan ne yake ba da galan 1 na maɗi.

Dabbobin Gida

Ƙa'idar kiwo a wancan zamani ita ce manomi ya shinge gonarsa, dabba kuwa ta yi yawonta a daji. Kowane gida yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbobinsa domin shaida. A wurare kamar Kwarin Kedis a Tenesi, akan hau da shanu can ƙolin duwatsu inda ciyawa take, su yi watanni a hannun makiyayi, yana ba su gishiri yana tsare su. Da kaka ta kama sai a sauko da su, a sayar da waɗansu, a bar saniyar tatsa da na aiki. Kuɗin da aka samu da shi ake biyan haraji, a sayi gishiri da gahawa da takalma.

Mutanen Kirista ne, dabbar da suka fi dogara da ita wajen nama kuwa ita ce alade, domin kiwonsa ba ya cin kuɗi. Dajin cike yake da wani babban itace mai suna cesnat, wanda 'ya'yansa suke zubowa da kaka, aladu suna ci suna ƙiba. Iyalai su ma sukan tsinci 'ya'yan su kai kanti su yi musaya da kaya. Bayan kammala wata hanya da ta bi gaɓar kogin Faransi Burod a 1828, garkunan aladu masu ɗimbin yawa sukan bi ta kowace kaka daga Tenesi da Kentaki zuwa kasuwannin Karolina ta Kudu.

Ba a yanka na gida sai sanyi ya yi ƙarfi, wajen ƙarshen Nuwamba, domin babu na'urar sanyi. A tsakiyar shekarun 1930 kimanin gona 1 ce kawai cikin 10 take da wutar lantarki a Amurka. Maƙwabta sukan zo su taya aiki, kowa ya koma da ɗan kason nama. Sauran a cuɗe shi da gishiri, a turara da hayaƙi. Kitsen kuma a narke shi don girki, ragowarsa a haɗa da ruwan toka a yi sabulu. Tumaki su ke ba da ulu na kaɗi da saƙa, gashin agwagi kuma a cusa shi a matashi da katifa.

Bargon Ƙyallaye

Idan aikin waje ya lafa, dare ya yi tsawo, sai mata su koma kan allura. Gidajen na gungumen itace ne ko na katako, murhu ɗaya ne yake ɗumama su, saboda haka gado guda yakan bukaci barguna da yawa. Wanda ya san lifidin dawakin sarakuna ya riga ya fahimci dabarar: auduga ce a tsakanin ƙyalle biyu, a bi ta da ɗinki don kada ta tattare wuri ɗaya. Shi ma wannan bargo hawa uku gare shi. Na ƙasa shimfiɗaɗɗen yadi ne, na tsakiya auduga ko ulu ko tsohon bargo, na sama kuwa guntayen ƙyallaye ne da aka yanka aka harhaɗa su bisa tsari.

Mutane da yawa suna zaton tun zuwan baƙin farko ake wannan ɗinki, amma masana tarihin tufafi sun nuna cewa a farko saƙaƙƙen bargon ulu ya fi yawa, domin yadi yana da wuyar samu. Sai da masaƙun zamani suka sa atamfa ta yi araha, daga wajen 1840, sa'an nan bargon ƙyallaye ya zama ruwan dare. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanoni suka fara zuba gari da abincin kaji a buhunan auduga masu zanen furanni, mata suka riƙa yin riguna da su, ragowar kuma ta shiga bargo.

Kowane tsari da sunansa. Alal misali, akwai wanda ake kira Gidan Gungume, wanda ya yi tashe daga shekarun 1860. A tsakiyarsa akan sa ɗan ƙyalle ja, wanda ake cewa murhun gida ne, sa'an nan a kewaye shi da siraran ƙyallaye, masu haske a gefe ɗaya, masu duhu a ɗaya gefen. Wani kuma ana kiransa Zoben Aure, shi ya yi tashe a shekarun 1920 da 1930.

Harhaɗa saman bargo aikin mace ɗaya ne, amma ɗinke hawa ukun aiki ne mai tsawo, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka akan kira gayya. Akan ɗaure bargon a wani firam na katako, wanda a gidaje da yawa a rufin ɗaki yake rataye da igiya, a sauke shi da rana, a ja shi sama da dare. Mata sukan zauna kewaye da shi suna ɗinki suna hira, sau da yawa su gama shi a yini guda. A nan 'yan mata suke koyon sana'ar, a nan kuma ake jin wanda ba shi da lafiya da wadda ta kusa haihuwa. Gwaninta a ƙanƙantar ɗinki da daidaitonsa take. Uwa takan tanadi barguna don kayan ɗakin 'yarta, idan kuma gobara ta cinye gidan wani, bargo yana cikin abin da ake fara kai masa. Tsohuwa takan iya nuna ƙyalle a jikin bargo ta faɗi rigar wanda aka yanko shi daga gare ta.

Yadda Al'amarin Ya Sauya

Abin da ya fara raunana wannan rayuwa shi ne rasa daji. Daga shekarun 1880 kamfanonin katako da na kwal suka sayi filaye masu yawa, dokokin hana sakin dabbobi kuma suka yi ta yaɗuwa. A 1904 aka gano wata cuta a jikin itacen cesnat a birnin Niyok, kafin 1950 ta kashe biliyoyinsa. Da haka talaka ya rasa abincin dabbarsa da abin musayarsa gaba ɗaya. Kafa gandun daji na ƙasa a duwatsun Simoki a 1934, da na Shenandowa a 1935, ya tashi ɗaruruwan iyalai daga gonakinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasa suka yi ta ƙaura zuwa masana'antun Ditiroit da Sinsinati da Shikago. A 1965 gwamnatin tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin raya yankin, saboda tsananin talaucinsa.

Shi kuwa bargon ƙyallaye sai ya sami wata sabuwar daraja. Tun a shekarun 1890 Kwalejin Biriya ta Kentaki ta fara sayen kayan hannun matan dutse, a 1930 kuma aka kafa ƙungiyar masu sana'ar hannu ta yankin. A 1966 ɗaliban wata sakandare a arewacin Jojiya suka fara yin hira da tsofaffinsu suna rubuta dabarunsu, aikin da ya zama littafin Foxfire a 1972. A 1971 gidan adana zane-zane na Witini a Niyok ya rataye irin waɗannan barguna a bango a matsayin aikin fasaha.

Kammalawa

A taƙaice, iyalin Afalaciya ba su da kuɗi mai yawa, amma suna da daji da maƙwabta da sana'ar hannu, da su kuma suke ƙetare hunturu. Da dajin ya kuɓuce, maƙwabta suka watse, sana'ar kaɗai ta rage, ita ma ta tashi daga kan gado ta koma kanti da gidan kallo. Wannan abin lura ne ga duk ma'aikacin da aka ɗora wa rabon filaye ko tsara ayyukan karkara, a inda burtali da makiyaya da gayya suke da irin wannan matsayi. Abin da yake riƙe da ƙaramin manomi sau da yawa ba a rubuce yake a takardar mallakarsa ba, kuma ba a cika gane amfaninsa ba sai bayan an rasa shi.