Takarda Ba Ta Taka Birki: Gwajin Lafiyar Mota a Hanyar Auna

Gabatarwa

Ni mutumin Auna ne, cikin ƙaramar hukumar Magama ta masarautar Kontagora. A hutun da ya wuce na shiga wata tsohuwar mota daga tashar garinmu zuwa Kontagora, an danƙara mata buhunan masara har bayanta na neman taɓa ƙasa. A wani shinge jami'i ya tsayar da mu, ya karɓi takardu ya duba, ya ce komai ya cika. Ba mu yi nisa ba sai ga shanu sun ratsa titi. Direba ya taka birki sau uku, sai a na huɗu ya kama. Allah ya tsare, amma tun ranar nake tambayar kaina: yaya mota mai takardar lafiya za ta rasa birki? Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyanawa ke nan.

Wa ke da alhakin me?

Hukumomi uku ne ke da hannu a wannan aiki, kuma sau da yawa mukan cuɗa su. Na farko, jami'an duba motoci da ake kira V.I.O., waɗanda ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Su ke gwada mota, su ba da takardar shaidar lafiyarta. Na biyu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Na uku, 'yan sanda, waɗanda ke da ikon tsayar da direba, su nemi takardunsa, su gurfanar da mai laifi gaban kotu. Wato dai ɗan sanda ba bakanike ba ne. Aikinsa shi ne ya tabbatar an yi gwajin.

Me ake dubawa?

Bisa ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012, motar haya ana gwada ta duk bayan wata 6. Ana duba birki, sitiyari, fitilu, sigina, madubi, gilashi, hayaƙin salansa da tayoyi. Taya ma tana da ranar haihuwa: akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha gargaɗin cewa bayan shekara 4 taya ta tsufa, ko da zanenta bai goge ba. To, yawancin tayoyin gwanjo da direbobinmu ke saye sun daɗe da wuce wannan wa'adi.

Ina gizo ke saƙar?

Mu ɗaliban harshe mu lura da kalmar da Bahaushe ya zaɓa: "lafiyar" mota. Ya ɗauke ta tamkar mai rai, wadda kan yi ciwo a kai ta asibiti. To, wane likita ne zai rubuta wa mutum shaidar lafiya bai gan shi ba? Amma haka ake yi wa mota a wurare da dama. Mai ita ya ba wani kuɗin sabunta takardu, a kawo masa har gida, motar ba ta motsa daga inda take ba. Jami'in da ke kan shinge kuwa takarda zai karanta, ita kuma ba ta ƙarya a idonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Ingila tun 1960 ake yin irin wannan gwaji. Jihar Legas kuma ta fara gwada motoci da na'ura mai kwamfuta a 2017, inda dole a kai motar a ɗora ta a kan injin auna birki.

Kammalawa

Shinge ba zai wadatar ba muddin gwajin na baka ne. Ya kamata a riƙa zuwa tashoshi irin ta Auna ana duba mota kafin lodi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma fasinjoji muna da namu: mu dubi taya kafin mu biya kuɗin mota, in mun ga ta suɗe mu jira ta gaba. Mun yi imani da ƙaddara, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.